Gyalen Malama Eduvina

A tsibirin Chiloé ruwan sama ba ya sallama.
Ta rufin ajinmu ya shigo cikin dare,
ya sami taswirar Chile a jikin bango,
ya lashe ta daga wuya har ƙugu.
Da safe muka tarar Santiago ta narke,
teku ta haura kan duwatsu,
shuɗi da kore sun dame sun zama kunu.

Malama Eduvina ba ta ce uffan ba.
Kwana tara tana saƙa a bakin murhu
da ulun tumakin ƙanwarta.
Rana ta goma ta shigo da abu a kafaɗa,
ta warware shi daga ƙofa har gindin allo,
siriri, dogo, kamar zancen da ya ƙi ƙarewa.
Ta ce, "Ga ƙasarku. A cire takalma."

Yanki goma sha uku ne a lokacin,
kowanne da rininsa.
Gefe ɗaya zaren shuɗi, teku ke nan,
ɗaya gefen fari, ƙanƙarar duwatsun Andes,
mu kuma a tsakani, kamar nama a haƙori.

Tarapacá, Antofagasta, Atacama,
da ɓawon albasa ta rina su.
Ta ce a can akan shekara da shekaru
girgije bai yi ko tari ba.
Nibaldo, wanda safarsa ba ta taɓa bushewa ba,
ya ce, "Malama, ƙarya haramun ce."
Har ita sai da ta dara.

Coquimbo ta fito guntuwa,
jan ulu ne ya ƙare, ta roƙe mu gafara.
Santiago maɓallin rigar mijinta ne,
a yanki ɗaya tilo da bai jiƙa ƙafa a teku ba.
Maule launin inabi.
Araucanía kore shar, har da ƙaiƙayi.
Can kudu kuwa saƙar duk huji ce,
muka ɗauka asu ne ya ci.
Ta ce a'a, haka ƙasar take a Aysén,
ta farfashe kamar faranti a hannun yaro,
sai Magallanes, fari fat, inda allura ta tsaya.

"To mu fa?" in ji Baldomero.
Ta ɗaga wani ɗan tuntu
da ke reto a gefen Los Lagos da zare guda.
Muka yi tsit.
Ashe duk duniyarmu, da dankalinta da jiragen ruwanta,
ba ta kai ƙwan kaza ba.

Yasna ce ba ta koma benci ba.
Ubanta na haƙar tagulla a Calama,
sau biyu yake zuwa a shekara.
Ta durƙusa, ta sa ɗan yatsa a kan tuntu,
ta fara awo da taƙinta ƙarami,
tana ƙirga a hankali, leɓe na rawa.
A ashirin da bakwai ta isa ɓawon albasa.
Ta duba baya ta ga nisan.

Malama ba ta ce mata yi haƙuri ba.
Sunkuyawa ta yi, ta kamo arewa,
ta naɗo ta har ta taɓa tuntu,
ta zagaya gyalen a wuyan yarinyar sau uku.
"Yau ke za ki kai ƙasar gida," ta ce,
"amma gobe da ƙarfe takwas ina son abata."

Yanzu babbar mota nake tuƙawa,
kifi daga Puerto Montt zuwa inda aka ce.
An ce yankunan sun zama sha shida.
Ban san wa zai warware saƙar ya ƙara uku ba,
Malama ta daɗe a ƙarƙashin ciyawa.

Amma har yau Coquimbo na yi mini tsawo fiye da kima,
kuma in na shiga hamada da asuba
na sauke gilashi,
wallahi ƙanshin albasa nake ji.