Hotuna Huɗu daga Kubrus

Bayan isha'i wayata ta yi ƙara.
Ramlatu ce, autata, daga tsibirin da take karatu.
Na sa tabarau, na matsa ƙarƙashin ƙwai
tun kafin 'yan wuta su tuna da Gangare.

Na farko ruwa ne,
shuɗi kamar an juye masa marina dubu.
Ni ruwan da na sani kududdufan kuza ne,
irin wanda ya ci ɗan Dalyop maƙwabcina
ranar wata Lahadi, da takalmansa a bakin rami.
Ta ce nasu ba a hango ɗaya gaɓar.
Na ce, to wane kamfani ya haƙa wannan
ya tafi bai cike ba?

Na biyu otal-otal ne farare, kafaɗa da kafaɗa,
jiragen kamun kifi na gyangyaɗi a gabansu.
Ga Turawa an shanya a yashi kamar kilishi,
wai har biya suke yi rana ta gasa su.
Ni kuwa da safa biyu nake kwana a Jos.

Na uku ne ya hana ni barci.
Ginshiƙan dutse, rufin ya daɗe da tafiya.
Matakala zagaye, kujerun 'yan kallo,
ɗan kallo ɗaya ya rage: ƙadangare,
shi ma da jan kai, kamar namu na bayan masallaci.
Sai mutum-mutumi a tsaye cikin mayafin marmara,
kowace ninkewar zane tana nan,
amma babu mai kai ko ɗaya.

Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan tarihi
ina goge gilashin mutanen Nok.
Leburorin kuza ne suka tono su da diga.
Kawuna ne zalla: kitso bai warware ba,
ido a huje, baki a buɗe
kamar wanda aka katse yana tsakiyar tambaya.
Kullum na kashe fitila sai in ce musu, sai da safe.
Ban taɓa tambayarsu ina suka baro jikinsu ba.

Ashe haka ƙasa take rabon gado:
can ta riƙe kai ta ba da jiki,
nan ta riƙe jiki ta ba da kai.
Duk wanda ya daɗe a hannunta
ba ya dawowa cikakke.

Na huɗu ita ce.
Ta laɓe bayan wata mai mayafin dutse,
ta ɗora haɓarta a kan guntun wuyan,
tana dariya, iskar teku na jan gyalenta.
Fuskar Gangare, jikin shekara dubu biyu,
kuma wallahi ya yi mata daidai.

Wuta ta ɗauke.
Na danna wurin magana, na rasa ta cewa.
Can dai na ce: Ramlatu, hotuna sun yi kyau.
Ki ci abinci. Ki yi nesa da ruwan nan.
In kin gama, kada ki aiko da saƙo,
ki dawo mini da kanki.