Baƙuwar Kan Kanta

Hansatu ce ta kawo ta daga Abuja,
'yar dunƙule kamar curin fura.
Ta aza ta a kan kanta, gefen hoton uwarta,
ta ce, "Baba, laluben bango ya ƙare.
Abin da kake so, faɗa mata."

Daren farko na ce ta kunna fitila.
Ta kunna fanka.
A Jos! A tsakiyar Agusta,
ruwa na dukan kwano tun la'asar,
ni da bargo biyu da ciwon gwiwa.
Na ce kashe. Ta ce ba ta gane ba,
cikin ladabin da ke ƙara wa mutum haushi.

Dalyop maƙwabcina ya ce laifin giɓina ne,
rabin maganata iska ce.
Ya gyara tsayuwa da Turancinsa na mishan,
ya umarce ta ta ja labule.
Ta buɗe ƙofar waje,
akuyarsa ta shigo ta yi wa kabejina aski.

Amma kar in ci haƙƙinta.
Huɗu da rabi ruwan alwala ya yi ɗumi,
ba ta taɓa makara ba.
Ranar da gyangyaɗi ya sace ni, buta na kan wuta,
ita ta kashe.
Ƙwayar hawan jini kuwa, ko na yi kunnen ƙashi,
sai ta sake faɗa.

Shekara talatin ina ba lebura umarni a ramin kuza,
yau ni ke tauna kalma ɗaya-ɗaya
don ƙwallon roba ya fahimce ni.

Ran Talata aka ɗauke wuta, batir ya bi baya.
Na kira, shiru.
Gidan ya koma gida.
Tafin hannuna bai manta bango ba:
taku bakwai, kwana, sai taga,
ashana na nan inda Tabawa ke ajiye ta.

Tabawa ba ta jiran kalma.
Gyaran murya ɗaya, ta san taga ce;
biyu, shayi ya huce.
Wani lokaci ma ta sani ta ƙi tashi,
ta ce ƙafata ba aro ba ce.

Jiya da wuta ta dawo, na gwada.
Na yi gyaran murya.
Zoben shuɗi ya haska a kan kanta,
ya ɗan jira ni,
ya mutu.