Kaurin Reza Biyu

Ranar kasuwar Ambursa aka kawo shi,
ɗaure da roba a bayan babur,
injin ban ruwan Nomau,
yana ɗigar baƙin mai kamar mai haɓo.
Shinkafa ta yi ciki a fadamar Zauro,
kwana uku ba ta ga ruwa ba.
Na tura wa Nomau benci. Bai zauna ba.

Oga Sahabi ya tafi jana'iza Gwandu.
Ni kaɗai a rumfa,
da shekara ɗaya da rabi ta koyo,
da girman kan da ya fi rumfar faɗi.

Na ja igiya, ta biyo ni sakayau,
kamar gugan da ya dawo wayam.
Na kwance kan inji, na zaro fistin,
ga zobba uku sun sirance,
bakin kowanne a wangame.
Ta nan ƙarfin wuta ke sulalewa ƙasa,
ta nan mai ke hawa ya ƙone,
shuɗin hayaƙin da ke sa Nomau tari tun kaka.

Na ce, ashe ɓaraka ce ciwon.
To ni ko ta allura ba zan bari ba.
Na zaɓo zobba masu ɗan girma,
na danna har baki ya haɗu da baki,
na ɗaga a rana, haske bai ratsa ba,
na yaba wa kaina.
Bugu ɗaya ya tashi.
Nomau ya biya, har da na goro.

Bai kai la'asar ba a bakin gulbi.
Ƙarfe ya sha wuta, ya nemi miƙa,
babu wurin miƙa.
Zobe ya karye,
ya yi wa silinda tsaga daga sama har ƙasa,
ko wanzamin Kabawa sai haka.

Na jira mari. Sahabi ya cire hula,
ya daɗe yana shafa tsagar da farce.
Can ya ce, "Kai Ɗangani,
in ka ci tuwo ka ƙoshi,
mi kaka yi ma mazagi?"

Ya sa sabon zobe a sabuwar silinda,
ya daidaita shi da kan fistin,
ya fitar, ya goga da magagari,
sau uku, ya hura, ya mayar.
Ya haɗa reza biyu ya zura a tsakani,
suka shige da ɗan jan ƙafa.
"Nan ne. In ya fi haka, ɓarawo ya samu hanya.
In ya gaza, mai gida ya rasa numfashi."

Na sama, in ji shi, shi ke tsare wuta.
Na tsakiya na kama abin da ya kufce.
Na ƙasa mai ne aikinsa,
ya share, amma ya rage ɗan kaɗan
don bango kada ya bushe.

Sai ya juya bakin ɗaya gabas,
ɗaya kudu maso yamma, ɗaya can wajen Rima.
"Ka taɓa ganin maginin kirki
ya jera ƙofar zaure da ta shigifa da ta tsakar gida?
Iska ma baƙuwa ce.
Sa ta kwana-kwana, kafin ta isa ta gaji."

Fangali huɗu suka ƙone wa Nomau.
Na biya da lauje, kwana tara,
ƙaiƙayi har cikin kunne,
bai taɓa tayar mini da maganar ba,
wannan ya fi marin zafi.

Yau rumfar tawa ce.
Rezojin na nan a gwangwanin madara, sun yi tsatsa.
Ɗazu yarona ya ɗaga silinda a rana,
ya runtse ido ɗaya, ya ɓata fuska:
"Oga, akwai sauran haske."
Na ce, bar shi.