Lissafi a Bayan Takardar Wuta

Wasiƙar ta zo ran Talata:
an ba ni gurbin digiri na biyu.
Sau uku na karanta
kafin idona ya sauka layin ƙasa, inda kuɗi suke.

Da dare, a ɗakina na Ƙofar Sauri,
na juya takardar kuɗin wuta, na ja layi.
Dama: albashin malamin firamare,
adashin da zan kwasa a Rajab,
buhun wake biyu a hannun Kawu Isiyaku.
Hagu ya fi tsawo.

Masu tallafi suna son shaidar ƙaramar hukuma
da wasiƙar malamai biyu da suka san ni.
Ɗaya ya rasu bara.
Ɗayan yana noman rani a Jibiya;
Asabar zan bi shi har bakin dam
da biro a aljihu.

Inna Tabawa ta leƙo.
"Ba a fafe gora ranar tafiya."
Ta kwance bakin zane,
ta ajiye dubu huɗu, duk sun yi laushi.

Na rubuta su a dama.
Saura kwana sha tara a rufe.