Lissafi a Kan Fulawa

Ƙarfe uku na dare, Torre Salina na barci,
teku kaɗai ke tari a bayan ganuwa.
Na barbaɗa fulawa a kan tebur,
ban ɗora ƙullu ba tukuna.
Da ɗan yatsa nake rubutu:
mu arba'in da huɗu,
Castelvento arba'in da shida,
wasa biyu ya rage,
gurbi ɗaya tak.

In mun cinye biyun nan,
su kuma suka yi tuntuɓe, canjaras ko sau ɗaya,
hamsin da hamsin ke nan,
sai a koma ƙirgar ƙwallaye.
Can kuwa bashi ake bin mu, har bakwai.
Biyar daga ciki a yini ɗaya muka ciwo su,
ranar ruwan nan na Nuwamba
da Zaccaria ya tsaya a raga
kamar mai jiran mota.

Na goge da tafin hannu, na sake.

Gwiwar Lorusso ta fi tawa damuna,
ni da nake hawa bene da addu'a.
Uwarsa kan zo da safe sayen burodi biyu.
In ce, ya ƙafar yaron?
Ta ce da sauƙi,
idonta na kan canjinta.
Nakan ƙara mata ɗaya gyara,
in ce a ba shi da man zaitun,
sai ka ce burodi na ɗinke jijiya.

Kocin nan kuma, Allah ya shirye shi,
a gidanmu, gaban mutanenmu,
ya jera biyar a baya!
Mai tsoron jiƙewa
me ya kai shi sayen kwalekwale?

Nunzia ta ce, Gaspare,
ranar da suka haye, yis zai yi araha?
Kuɗin wuta zai biya kansa?
Gaskiyarta.
Amma jiya na kama ta a kicin
ta rage muryar rediyo,
tana sauraron jerin waɗanda suka ji rauni,
albasa a hannu, wuƙa a tsaye.

Ubana ya kai ni filin nan ina ɗan bakwai.
Benci na siminti, layi na huɗu,
inda iska ke shigowa da warin kifi.
A shekarar ta leƙo ta koma,
maki ɗaya ya raba mu da ita.
Har ya kwanta dama
bai yafe wa alƙalin wasan ba.
Gyalensa shuɗi na rataye bayan tanda,
asu ya ci rabin sunan ƙungiyar,
ni na san sauran.

Ba kofi na roƙa ba.
A bar mu dai mu shiga cike gurbi,
mu ga Mayu da sauran bugun zuciya,
ko da a wasan farko za a koro mu.

Ƙofa ta yi ƙara.
Ninetto ya shigo yana hamma,
bai ko dubi tebur ba
ya kife ƙullu a kan lissafina.

Shi ke nan.
Yau duk wanda ya gutsuri burodi a garin nan
zai haɗiyi arba'in da huɗu bai sani ba.
Ran Lahadi kuma zan rufe shago da wuri,
in ɗauko gyalen,
in je in zauna inda iskar take.