Jan Fenti a Gwammaja

Ranar Laraba suka zo, su uku, da gwangwani.
Ɗaya ya tsoma burushi,
ya ja gicciye a bangon zaurenmu,
daidai inda mahaifina yake jingine kekensa.

Na shiga ɗaki na jawo akwatin ƙarfe.
Takardar farko da ajami take:
kakana Barau magini ya sayi fegin
fam huɗu da sule goma,
mai unguwa ya shaida, liman ya shafa fatiha.
Ta biyun mai tambari ce,
shekara uku takalmina na cin ƙasar ofis kafin ta fito.

Rumasa'u, 'yar ƙanwata, lauya ce.
Ta zauna bakin tabarma,
ta buɗo tsarin mulki a cikin wayarta.
"Kawu, nan an ce mallaka haƙƙinka ne,
ba mai karɓe maka sai da dalili, sai da diyya."
Na ce alhamdu lillahi.
Ta ce, "Dakata, da sauran magana.
Akwai wata doka ta zamanin soja,
an ɗinke ta a gefen kundin kamar aljihu.
Ta ce ƙasa amana ce a hannun gwamna.
Bango naka, azara taka,
ƙasan kuwa aro aka ba ka,
shekara ɗari ba ɗaya."

Na ce, to don me?
"Wai don kada mai kuɗi ya haɗiye gari,
don in za a yi titi ko asibiti
dillalai kada su shaƙe wuyan jama'a."

Dalilin bai yi mini ɗaci ba.
Ni ma na sha zagin cunkoso a Ƙofar Mazugal,
ni ma ina son hanya.
Sai dai na san masu haɗiyar fili a garin nan,
ban ga wanda ya ƙware ba,
ban ga ja a katangarsu ba.

Jibi masu awo za su dawo.
Za su ƙirga ɗaki, su ƙirga taga,
har darbejiya za su yi wa kuɗi.
Bayan rijiya aka binne cibiyata.
Na tambayi Rumasa'u wane layi ake rubuta wannan,
ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi.

Da la'asar jikana ya fito tsallake-tsallake,
ya dafa bangon, fentin bai bushe ba.
Ya zo yana nuna mini tafinsa yana dariya.
Na ɗebo ruwa a randa,
na riƙe hannun, na daɗe ban wanke ba.