Irin Albasa a Kwalkwalawa

Na dawo taron farkaswa da wuta a ƙirji,
murya ta dushe da ihun Halleluya.
Na ce azumin kwana arba'in zan ɗauka,
in sauke Maganar Allah kafin wata ya mutu.
Kwana huɗu na yi.
Ran na biyar ƙamshin masa a Mabera ya kayar da ni,
na ci bakwai a tsaye, ina waiwaye kamar ɓarawo.

Kawu Yunana bai yi mini dariya ba.
Da asuba ya buga ƙofa: "Tashi mu tahi hwadama."
Ya goya ni a babur ɗinsa mai tarin tsufa
har Kwalkwalawa, inda Rima ke tafiyarta ba gardama.

Can ya kwance ƙullin tsumma, ya ce in buɗe hannu.
Baƙin iri ne, kamar ɓarɓashin gawayi,
atishawa ɗaya ta isa ta raba ni da shi.
"Wanga," in ji shi, "shi ka cika buhu."

Sai ya zaro takarda daga aljihu,
aya ɗaya tal, da biro mai ƙarewa ya kwafo ta.
Ya karanta, ya yi shiru, ya ce amin,
ya miƙo mini bokiti.

Haka jiya, haka yau, haka jibi.
Aya ɗaya, bokiti, laka har idon sawu.
Sati biyu ban ga komai ba sai ƙasa.
Da ta fito ma, siririya ce kamar gashin jariri,
har na ji haushin bayana da ke ciwo dominta.

Wata rana na sa yatsa zan tona in gani.
Ya riƙe mini hannu.
"Albasa ba ta jin tsawa, yaro.
Kowane ganye da ka gani bisa,
riga ɗaya ce ta ƙara can ƙasa
inda ba mai yi mata tafi."

A gida sun sha ce mini
albasa ba ta yi halin ruwa ba.
Gaskiyarsu. Amma ruwan bai yi fushi ba,
kullum sai ya zo.

Bara muka kai Kawu makwanci.
Ba a taɓa ba shi bagade ya yi wa'azi ba,
amma a akwatinsa mun sami takardun nan,
shekara talatin da ɗaya, ɗaure da roba,
duk suna warin albasa.

Ya Yesu, na daina roƙon tsawa da walƙiya.
Ga ayata ta yau, ga bokitina.
Abin da kake yi a ƙarƙashin ƙasa
ba zan tona ba.
Ka dai tashe ni gobe.